Ungozomar da Ta Riƙe Hannun Wanzami

Shekara arba'in ke nan Inna Tambaya ta Kebbe tana idar da sallar asuba ta saɓi zanenta, ta bi gidajen masu jego. Ta gasa cibiya, ta duba ruwan wanka, sannan ta kara kunnenta a kan kowane jariri. Mata har tsiya suke mata, wai jarirai na ba ta labarin lahira. Yanzu ido ya gaza, ta ajiye aiki.

Shekarar da aka samu mulkin kai, Zahara'u matar Bube makiyayi ta haifi namiji. Kafin suna kansa ya soma girma, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa, in ya kama nono sai haki. Dangi suka ce ruwa ne ya taru, suka kira Na'iya wanzami ya yi sakiya. Har ya sa ƙarfe a wuta Tambaya ta shigo. Da ta kara kunne a kan yaron, sai ta ji abu na huci a ciki, yana tafiya tare da bugun zuciya.

Ta damƙe hannun wanzami. "Kak ka taɓa shi, Na'iya. Jini na, ba ruwa ba."

"Inna, ke ad da aska ko ni?"

"Kai ad da aska. Amma ni nij ji."

Ta goya yaron, suka hau babbar mota ita da uwar har Sakkwato. Likita ya ce jijiyoyin jini ne suka harɗe cikin ƙwaƙwalwa tun a ciki, da wuya a ga irinsa, kuma ba shi da maganinsa. Da an huda kan, da zubar jini ta kashe shi nan take. Suka dawo gida. Kwana talatin da uku yaron ya koma, a cinyar uwarsa.

Abin da ya fi ba ni takaici, sai aka ce Tambaya ce ta hana magani. Gidaje da dama suka daina kiranta, ba ta taɓa tanka wa kowa ba.

Inna, ke ce kika zaɓi zargi maimakon a zubar da jinin jariri. Mun gode, Allah Ya saka. Masu tasowa, ku koyi cewa a'a ko da gari zai juya muku baya.

Bara na tambayi Zahara'u ko tana riƙe da Inna a zuci. Ta ce, "Kwana talatin da ukku ina kallon ɗana. Inna ta ba ni su."