Jirgin da Ya Bi ta Fadamarmu

Ina walda a wani gareji a unguwar Hindawiyya, ba nisa da Ɗakin Allah, aka kira ni daga gida. Jirgin yaƙi mai saukar ungulu ya zo neman ɓarayin daji, ya buɗe wuta a fadamar bayan garinmu. Ƙanena yana can yana ba albasa ruwa. An tsinci gawarwaki, babu tasa. Shi ma babu shi. Na ce to. Na ajiye waya na ƙarasa ƙofar da nake haɗawa.

Bayan sati biyu Inna ta kira.

"Kai da kake gaban Ɗakin Allah, ka yi masa umra mana."

"Inna, ba a yi wa mai rai da lafiyarsa."

"Kai ka san yana da rai?"

"Ke kin ga gawarsa?"

Matarsa na zaune, ba ta san ko ta shiga takaba ba. Malamai suna da nasu hukuncin kan wanda ya ɓata, amma gidanmu ba su tambaye su ba, ni suka zuba wa ido. Ranar da na ɗaura masa harami, ranar ya mutu a wajensu.

Ban je ba. Sai na kama kallon bidiyon irin jirgin a waya lokacin cin abinci. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, Larabcina kuma na kasuwa ne, don haka dattijon da muke aiki tare, Bahaushe da iyayensa suka zo ta Sudan, shi yake fassara min. Wai da can jirgin ɗaukar kaya ne da masu rauni, aka ɗaura masa bindiga a ƙofa. Da aka ga ana harbo shi, aka matse jikinsa ya zama siriri, mutum biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Kamfanoni suka yi gasa shekara da shekaru. Wani ya faɗo da masu gwaji a ciki, aka sake zane. Aka lulluɓe kujerar matuƙi da ƙarfe don kada harsashi ya taɓa shi. Daga baya aka sa masa idon da ke ganin ɗumin jikin mutum daga nesa.

Na dubi haɗin ƙarfen. Aikin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.

"Baba, idon nan yana bambance fartanya da bindiga?"

"Wallahi ba su faɗa ba. Halas, ya isa haka, ya shehi, ka bar kallon nan. Kai za ka ƙera naka ne? Ƙofar ma da ka yi jiya a karkace take."

Wata huɗu ina haka. Na san jirgin ciki da waje, ban san inda ƙanena yake ba. Inna ta daina zancen, sai dai ta tambayi lafiyata, ta tambayi zafi.

Wata Juma'a da ba aiki na shiga tasi zuwa Tan'im, inda ake ɗaukar niyyar umra. Na yi wanka na ɗaura harami. Na ɗauka sunansa zai tsaya min a wuya wajen niyya. Bai tsaya ba. Na yi ɗawafi, na yi sa'ayi, aka yi min aski, sannan na kira gida.

"Inna, an yi."

Sai na ji ta juya tana faɗa wa wata a gefenta: "Je ki ce wa matarsa ta fara."