Ƙodar Kawu Labo

Duk wanda ya taɓa yanka dabba a Cadawa ya san muryar Kawu Labo, ƙanen mahaifiyata. Babu barka da suna, babu barka da Salla, tun daga zaure za ka ji shi: "Ina ƙodar?" Ya tsufa yana aikin duba nama a mahauta, ya ajiye aikin amma bai ajiye ƴar wuƙarsa ba. Abin haushin, ba ya ma cin ƙoda! Ya tsaga, ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya miƙo maka abarka. Ku in an ambace shi dariya kuke yi. Ni ma ina yi, amma da nauyi a zuciyata, don sau ɗaya tak ya taɓa roƙona abu, kuma ban yi masa ba.

Kun dai tuna gardamarsa da matarsa, Inna Habsu. Ita ta kafe cewa kaza ba ta da ƙoda, tunda ba wanda ya taɓa ganin fitsarinta. Kawu ya miƙe. Ya fita, jim kaɗan sai ga shi da figaggiyar kaza, ya farke ta a gabanta.

"Duba nan, manne da ƙashin baya. Mi ne ne wanga? Farin nan da kike gani bisa kashinta, shi ne fitsarin!"

"Na gani, Malam. Kazar wa ce?"

"Taki mana. Ni ina na ga kaza?"

Ita ce kuwa mai yi mata ƙwai. Mako guda yana cin tuwo da miya lami, bai ko nuna ya ji ba.

Babban burinsa shi ne ya ga ƙodar raƙumi. Ta saniya ya san ta, gunduwa-gunduwa. Ta akuya sumul kamar ƙwayar wake, ta kifi doguwa, kwance jikin ƙayar baya. Amma raƙumi, in ji shi, ƙodarsa ce ke tatse ruwa ta mayar jiki, shi ya sa yake kwana da kwanaki bai sha ba. Ran nan ya ji za a yanka wani a Gazawa, ya ɗare bayan motar kasuwa bisa buhunan gero, rana na dukansa. Ko da ya isa, ƙodar ta hau tukuba, har an barbaɗa yaji.

"Kai! Kun gasa ilimi!"

Mahaucin ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, a sa maka albasa?"

Sai aka buɗe siyasa, jam'iyyu suka tsiro ko'ina. Ni aka ba ni tuƙin motar wani ɗan takara, da lasifika a kanta, ina ji da kaina. Na matsa wa Kawu ya faɗi inda ya dosa.

"Parti-partin nan naku ƙodar saniya ce," ya ce. "Ɗaki-ɗaki, amma fitsarin duk hanya guda yake bi."

Cikin wannan hayaniya ne ya zo gidana wata safiya, a ƙasa, yana jan ƙafa da ƙyar. Fuskarsa ta kumbura. Ya ɗage wando, ya danna ƙaurinsa da yatsa, ramin ya ƙi tashi.

"Tawa ƙodar ce ta gaji, Harisu. Na san aikinta. Tunda kana shiga Maradi, tahi da ni likita ya gani."

Mutumin da ko ashana bai taɓa ara ba! Ni kuwa na yi dariya, na ce, "Haba Kawu, kai da ka fi likitan sani? Bari a gama zaɓe, mako biyu ne."

Ya sauke ƙafar wandonsa. "To. Allah ya ba mai rabo sa'a."

Sau huɗu na shiga Maradi a makon nan biyu. Na ɗauki makaɗa, na ɗauki ƴan rawa, na ɗauki kujeru. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, kuma kullum ta ƙofar gidansa nake wucewa, lasifika na ihu. Saura kwana uku a jefa ƙuri'a Kawu ya cika.

Inna Habsu ta ce mini wa'adi ne, ko an kai shi ba zai ƙara kwana ba. Na yarda. Amma da na kai shi, da ya tafi yana sane cewa ɗan ƴar'uwarsa ya tsayar masa da mota.

Allah ya jiƙanka Kawu, ya sanyaya makwancinka, ya shayar da kai ruwan Alkausara. Ni kuma Allah ya sa ka yafe mini kafin ka rufe ido, don ban zo na tambaya ba.