Mudun Asabar

Jiya da hantsi na bi ta wani lungu a Kabara, na tarar ana yaɓen soro, sai warin makuba ya bugi hancina. Wanda bai tashi a gidan magina ba toshe hanci zai yi ya wuce, domin ɓawon ɗorawa ne da aka jiƙa ya kwana. Ni kuwa tsayawa na yi. Warin rigar mahaifina ke nan duk yamma idan ya dawo daga aiki, da ƙullin gero a kafaɗa.

Gidanmu yana kusa da Ƙofar Na'isa, ɗaki biyu da zaure, da bishiyar zogale a jikin katanga. Mu huɗu ne: Baba, Inna, ni, da ƙanwata da ba a daɗe da yaye ta ba. Baba magini ne kamar ubansa. Yana saurayi ya tafi kudu aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, a can ya zauna da wani dattijo mai bin Almasihu, har aka yi masa baftisma. Da ya dawo gidan gado 'yan'uwa suka yi faɗa, suka yi fushi, daga baya suka gaji suka ƙyale shi, tunda hannunsa na da kyau a yaɓe kuma ba ya cin na mutane. Sai dai a duk unguwar shi kaɗai ne ba ya fita aiki ran Lahadi. Abokan aikinsa suka sa masa suna Mai Lahadi, yana kuwa amsawa.

Baba bai iya karatu ba. Abin da dattijon nan ya gaya masa shi ya riƙe a ka, kuma labarin da ya fi so shi ne na Bani Isra'ila a jeji. Yakan zaunar da mu a inuwar zogale ya ce shekara arba'in suka yi babu gona babu kasuwa, amma kowace safiya Allah yana sauko musu da abinci tare da raɓa. Kowa ya ɗebi na yini ɗaya. Wanda ya yi haɗama ya ɓoye na gobe, sai ya tarar ya yi tsutsa yana wari. Amma a rana ta shida sukan ɗebi na kwana biyu, kuma ba ya lalacewa, saboda washegari ranar hutu ce. Yakan ce su ranar hutunsu daban, tamu daban, amma Mai bayarwar bai sake ba.

Ina da kamar shekara takwas aka yi daminar da ta gaza. Kafin bazara ta zagayo, mutanen ƙauye sun cika ƙofofin gari suna neman abin da za su sa a baki. Magina suka daina karɓar ladan aiki sai da hatsi. Baba yana aiki a ƙarƙashin wani babban magini, kowace yamma a auna masa mudu ɗaya na gero. Mudu ɗaya ga mutum huɗu, mai karatu, kunu ne da safe da ɗan tuwo da yamma, ka tashi kana lasar hannu. Aiki kwana shida, ci kwana bakwai.

Duk da haka ba a taɓa rasa tuwo a gidanmu ran Lahadi ba. Baba ya sakankance cewa mudun Asabar ne Allah yake ninkawa, kamar yadda ya yi wa mutanen Musa. Namiji ne na zamaninsa, ba ya leƙa madafi, ba ya tambayar yadda aka yi. Ya miƙa ƙulli a bakin ɗaki, a kawo masa akushi, ya yi godiya ga Allah. Idan ya faɗi maganar ninkawar nan, Inna sai ta ce amin ta ci gaba da abin da take yi.

Ni na gano yadda abin yake. Wata rana ina neman ƙwallon goruba da ya gangara ƙarƙashin gadon Inna, sai hannuna ya taɓa wata 'yar tukunya rufe da faifai. Gero ne a ciki. Na sa ido, na ga kullum kafin ta zuba hatsi a ruwa takan cika tafin hannunta sau biyu ta kai can. Litinin zuwa Asabar, shi ne tuwon Lahadi.

Ba zan ƙawata abin da na yi ba. Yunwa nake ji. Ranar farko 'yan ƙwayoyi na ɗiba na tauna a bayan ɗaki. Washegari na cika baki. A makon nan, duk abin da Inna ta zuba da yamma, ni nake kwashewa da daddare idan ta shiga wanka. Tana zubawa ba ta dubawa, domin ƙarƙashin gadon da duhu, kuma ba ta zaton kowa ya sani.

Ran Asabar ɗin, babban magini ya rako Baba har ƙofar gida. Gabas ta fara yin baƙi a kwanakin, kowa yana gaggawar gyara rufinsa.

"Mai Lahadi, gobe dai a ɗaga mana ƙafa," in ji shi. "Soron nan na Shahuci ba zai jira hutunka ba. Mudu biyu zan auna maka."

Baba ya yi dariya ya ce, "Maigida, na Asabar ya ishe mu."

"To, Allah ya sa mudunka yana haihuwa. Ga mutane can a bakin ƙofa, a rabin mudu za su kwaɓa mini ƙasa. Zan biyo da safe, in ba ka fito ba kada ka neme ni ran Litinin."

Da safe Inna ta durƙusa ta jawo tukunyar. Ina tsakar gida na ji ƙarar faifai ya faɗi. Ta fito da ita a hannu, babu ko ƙwaya a ciki, ta dube ni sau ɗaya, ni kuwa na fashe da kuka kafin a tambaye ni. Ƙanwata tana zaune a kan tabarma riƙe da ƙoƙon kununta, ƙafafunta kamar sillen kara, tana jira.

Baba ya fito ya ce, "Lafiya? Tukunyar mene ce wannan?"

Inna ta gaya masa komai, a taƙaice, ba ta ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon gindin tukunyar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da 'yan'uwansa suka zage shi a zaure.

"Ashe ke ce," in ji shi. "Ni ina ta gaya wa mutane Allah ne."

Daidai nan aka yi sallama a waje, muryar babban magini ce. Baba ya dubi ƙanwata, ya shiga ɗaki ya ɗauko rigar aikinsa, ya nufi zaure. Inna ta sha gabansa.

"Malam, ina za ka?"

"In nemo abin da yarinyar nan za ta ci."

"Tsaya in tambaye ka. Geron da nake ɗiba ran Litinin, daga gonar ubana yake fitowa? Na Talata fa? Wata nawa mutane suna faɗuwa a hanya, kai kana shigowa da mudu kullum. Wanda ya ba ka shida shi ya ba ka na bakwai, hannuna kawai ya bi da shi. Koma ka zauna. Ina da dusa, ga zogale. Yau ɗaya ba za ta kashe mu ba, in Allah ya yarda."

Baba ya tsaya da riga a hannu. Aka sake sallama, da ƙarfi. Ya fita, na ji yana ba da haƙuri, na ji babban magini yana cewa shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Baba ya dawo ya rataye rigar.

Ni aka sa na hau zogale. Inna ta dafa ganyen da dusar da take tarawa daga surfe, ta tace mai laushin ta dama wa ƙanwata. Abin yana kartar maƙogwaro, kuma babu wanda ya ƙoshi. Ina jiran duka, bai zo ba. Bayan mun ci, Baba ya ajiye tukunyar a gabana ya ce, "Daga yau kai ne mai tsaronta. Innarka ta zuba, kai ka rufe. Ran Lahadi kai za ka kawo mata." Da bulala ya yi mini, da ta fi sauƙi. Sau da yawa na zauna kusa da gadon nan cikina yana kuka, amma ban ƙara ɗaga faifan ba.

Litinin Baba ya zaga gari bai sami aiki ba, muka sake kwana da ganye. Talata aka yi ruwan farko, rufi ya yi ta yoyo a kowace unguwa, aka shiga neman magina ido rufe, ya sami wani maigidan. Ba na cewa abin al'ajabi ne, lokacin ruwa ne ya yi. Ƙanwata ta rayu, yanzu har da jikoki. Baba bai daina ba da labarin jeji ba, amma bai ƙara cewa mudu yana ninkuwa ba. Sai ya ce Allah yana bayarwa kullum, kuma yana da hannuwa da yawa.

Yanzu gari ya sake. 'Ya'yana ba su san a auna wa mutum abincin yini ɗaya ba, akwai buhu a ɗaki, amma na lura fargabar gobe ba ta ragu ba, ni ma ina cikin masu yin ta. Baba da Inna duk sun rasu kafin in shiga ajin manya in koyi haɗa baƙi. Da na fara iya bin layi da yatsa, labarin nan na fara nema a cikin Littafi Mai Tsarki. Na yi makonni ina binsa. Sai na tarar da wani wuri da dattijon kudu bai gaya wa Baba ba, ko kuwa Baba ne ya manta: ashe abincin nan ba a dafe yake saukowa ba. Sai an fita an tsinto, an niƙa ko an daka a turmi, sannan a ɗora tukunya.

Na karanta wa uwar 'ya'yana wurin sau biyu, ina murna kamar na tsinci wani abu. Ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba.

"To, Malam," in ji ta, "dā wa ka zata yake dakawa?"