Muryar Tasha a Tsakar Gida

Tun ina saurayi aikina kiran fasinja ne a tashar mota a Kafanchan. In tsaya jikin bas, injina na ruri ta ko'ina, masu sayar da waƙoƙi sun ƙure nasu, in buɗe maƙogwaro: "Zonkwa! Zonkwa! Saura mutum ɗaya!" ko da rabin motar babu kowa. Ban yi karatu mai nisa ba. Muryar nan ce ta ciyar da ni da iyalina.

Samarin tasha, masu cakuɗa Hausa da Turancin buroka, sun raɗa mini sunaye. Wasu su ce Lasifika, wasu Amfilifaya. Wani direba kuwa Janareto yake kirana, wai in na tashi babu mai sauran hutu a unguwa. A bakinsu kalmar "laud" ba ta tsaya ga ƙarar murya ba. Riga mai ɗaukar ido laud ce, mai cika baki shi ma laud ne, wanda ya iya alkawari bai iya cikawa ba kuma "noisimeka". Ni duk yabo na ɗauke su. In aka ce, "Baba, ka cika laud," sai in bugi ƙirji.

Laifina shi ne na kwaso tashar na kawo gida. Ko ruwan sha zan nema, sai maƙwabta sun san ina jin ƙishi. Na kuma sa wa raina cewa duk mai magana ƙasa-ƙasa munafuki ne, akwai abin da yake ɓoyewa.

Babban ɗana ya auri wata yarinya 'yar Manchok, tana aiki a wani ƙaramin asibiti. Suka zauna tare da mu, a ɗakin da ke kusa da rijiya. Da safe sai in ga ta rusuna, leɓenta ya motsa, ta wuce. Na ce a raina, wannan ko gaisuwa tana ƙyashin yi. In na same su a kicin ita da matata, bakinsu na motsi suna dariya, ni ban tsinci ko kalma ba. Na yanke cewa da ni suke.

Wata Lahadi, bayan mun dawo daga sujada, na tarar da su haka suna gyaran citta a tsakar gida. Ko rigar coci ban cire ba, na fara. Na ce gidana ba gidan gulma ba ne, wanda ke da magana ya faɗe ta a fili kamar mutum, kuma ban san ko a inda matar ɗana ta fito haka ake gaida manya ba. Lokacin tana da ciki. Ta ajiye wuƙar ta shiga ɗaki tana kuka.

Da la'asar ɗana ya zo ya tsaya a gefena ya yi magana. Na ce, "Me?" Ya sake. Na ce, "Buɗe baki mana!" Sai ya ɗaga murya: "Baba, na ce zan nemi ɗakin haya, mu tashi kafin ta haihu!" Maimakon in tsorata, fushi na yi wai ya yi mini tsawa.

Matata ta bari ya fita, ta jawo kujera gabana.

"Baban yara, kai ne fa ba ka ji."

"Ni? Ni da nake gane hon ɗin motar Kagarko tun ba ta shigo gari ba?"

"Hon kake ji. Mutum fa? Ni na gaji da faɗa maka, in na faɗa sai ka ce na raina ka."

Washegari surukar tawa ta zo da kanta, idonta a kumbure. Ta tsaya daidai fuskata ta ce, "Baba, don Allah ka toshe kunnenka na dama da hannu." Na so in ƙi, matata ta harare ni, na toshe. Yarinyar ta koma ta haguna. Na zauna ina jira. Shiru. Can na gaji na ce, "To, ki yi maganar mana!" Na waiwaya na ga matata ta riƙe ciki don dariya.

"Me ta ce?"

"Ta ce, ina kwana Baba. Ta faɗa ta sake faɗa. Abin da take ce maka kullum ke nan."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Surukar tawa ce ta raka ni wurin likita, ya ce kunnen hagu ya kusa mutuwa, na dama ma ya raunana, ƙarar injina da hon ce ta cinye su a hankali. Ashe ni kaina ban san iyakar ƙarfin muryata ba.

Da muka dawo na je ƙofar ɗakinsu, ɗana na tsaye. Na yi niyyar yin magana a hankali, amma ban iya ba. Matata tana bayana tana cewa, "Rage boliyum." Na rage iyakar iyawata na ce, "'Yata, na yi miki laifi, ki yafe mini saboda Ubangiji."

Sai maƙwabcinmu ya amsa ta bayan katanga: "Mu ma mun ji, Baba! Ki yafe masa, mu samu lafiya!"

Surukar tawa ta yi dariya har da hawaye. Ta matso ta damana ta ce, "Ya wuce, Baba." Wannan kam na ji shi sarai.

Har yau ban zama mai sanyin murya ba, kar in yi ƙarya. Amma mutanen gidana sun koyi zuwa ta damana, su bari in ga bakinsu. Ina gode wa Allah da ya ba ni yarinyar da na zaga a gaban unguwa, ta kwana da baƙin ciki, ta wayi gari tana neman abin da ke damuna. Ɗana bai nemi ɗakin hayar ba. Bulo ya sayo, ya ce za a ƙara musu ɗaki kafin haihuwa, ni kuma in tsaya kan magina.