Namwinga da Ƙararrawar Makarantarmu

Benci ɗaya muka zauna da Namwinga a sakandare, a Mpulungu. Uwarta ƙananan kifi da ake kira kapenta take shanyawa a bakin tafki, shi ya sa littattafanta kullum ƙarnin kifi suke yi. Ba ta ƙaunar darasin tarihi. Da an fara jero shekaru sai ta kifa kai a tebur.

Muna ajin ƙarshe aka kawo mana Malam Sinyangwe. Ranar farko ya ajiye alli, ya ce kowa ya nemo tambayar da ke cin ransa, ya bi ta da kansa har ƙarshen zango.

"To Malam, kai me za ka yi?" in ji Namwinga.

"Hutawa zan yi. Ke me kike son sani?"

Daidai nan aka kaɗa ƙararrawa. Ta ce, "Wancan ƙarfen da ya hana mu sakat, daga ina ya fito?"

Muka kwashe da dariya. Shi kuwa ya rubuta tambayar a allo, da sunanta a ƙasa.

Da yamma ta hau bishiyar mangwaron da ƙararrawar ke rataye, ta goge ta da toka da lemun tsami. Sai ga suna ya fito: Mwela. Masunta suka ce sunan wani jirgin ruwa ne na kaya, suka tura ta gun mai gyaran kwalekwale, shi kuma ya tura ta wani ƙauye a gaɓar tafki, gun wata tsohuwa, Nachalwe. Asabar uku tana zuwa.

Ashe tsohuwar ce mai dafa abinci a jirgin. Ranar da iska ta maka shi da duwatsu, ita ta yi ta kaɗa ƙararrawar har masunta suka ji suka zo. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Waɗanda suka tsira ne suka bai wa makaranta ita.

Ranar gabatar da aiki, Namwinga ta shigo riƙe da hannun tsohuwar, ta nuna mata ƙararrawar.

"Kaka, za ki gane ta?"

"Ke 'yar nan, kauce! Ni da na yi mata wanka shekara tara?"

Ta kama igiya ta kaɗa, ba sassauci. Makaranta duka ta fito, an ɗauka an tashi. Hedimasta ya taho a fusace, da ya ji bayani sai ya sa aka kawo mata kujera. Aka zazzauna a inuwa, ta ba da labarin da bakinta.

Yau Namwinga ce ke riƙe da rumfar uwarta. Tana auna kifi tana yi wa tsofaffi tambayoyi, tana naɗar muryoyinsu a waya. 'Yan makaranta kan zo neman amsa, ta ce, "Ni ba zan faɗa ba. Ga sunan wanda ya sani, ku je ku gaishe shi."