Amin ɗin da Garanti Ya Riƙe

Garanti ake ce masa a layin masu gyara, har matarsa in tana jin tsokana haka take kiransa. Firiji yake gyarawa, shekara talatin da ɗoriya, a wani ɗan shago tsakanin mai walda da mai sayar da fenti. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk wanda ya zo ɗaukar firijinsa sai ya tsaya ya sha karatu: "Na ba ka garanti wata uku, amma da sharaɗi. Kada wani ya buɗe bayansa. Kada ka kwantar da shi a mota. In ka kai gida, ka bari ya huta kafin ka jona." In ka dawo kana kumfar baki wai ya daina sanyi, ba ya musu da kai. Duƙawa zai yi ya leƙa bayan, ya ɗago ya ce, "Wa ya taɓa?" Abin haushin, kusan kullum an taɓa ɗin.

To, haka yake karanta Littafi Mai Tsarki. A coci mutane su ji alkawari su daka tsalle suna "na karɓa!", shi kuwa yana zaune da tabarau a karan hanci, yana bin layin sama da na ƙasa da yatsa, yana neman abin da aka ce mutum ya yi tukuna. Cewa yake Allah ba ya saɓa alkawari, mu ne muke son kaya ba ma son takardar da ta zo da su. Fasto kansa in ya hango hannun Garanti a sama, sai ya gyara tsayuwa.

Akwai alkawari ɗaya da ya fi riƙewa, inda aka ce in mutum biyu bakinsu ya zo ɗaya a kan abin da za su roƙa, za a yi musu. Wannan sharaɗin bai ba shi wahala ba, tunda biyun suna cikin gidansa. Kullum da safe kafin shayi, shi da Maman yara za su zauna a bakin gado, hannu cikin hannu, ɗaya ya roƙa, ɗaya ya ce amin. Sai dai amin ɗin gidan nan ba a ba da ita haka kawai. Abin da ba ka yarda da shi ba, ba ka amsawa, don a wurin Garanti amin sa hannu ce. Ta taɓa roƙon Allah ya sa ƙanensa ya tattara ya bar musu ɗakin baƙi, Garanti ya yi gum. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Kurma na aura?" Ya ce, "Ban yarda ba ne." Shi ma ranar da ya roƙi babur ta rama, ta ce ba ta shirya zama gwauruwa ba. Amma duk abin da suka haɗu a kai, in ji shi, bai taɓa faɗuwa ƙasa ba: shagon, ƙafar babban ɗansu da aka ce sai an yanke, mijin kirkin da 'yarsu Auta ta samu.

Ciwon daji ne ya kama Maman yara a ciki. Wata bakwai suna zaryar asibiti, daga baya likita ya ja Garanti gefe ya ce a mai da ita gida, a riƙa ba ta maganin rage zafi. Bai yi kuka ba. Gaskiyar magana bai ji komai ba, kamar hannun da aka kwanta a kai. Ya tambaya sau nawa za a ba ta a rana, ya rubuta a bayan katin asibiti.

Sai ya yi abin da ya iya, ya shiga neman inda aka kuskure. An ce ka yafe kafin ka roƙa: ya je har gidan ƙanen nan nasa, wanda suka shekara shida ba sa ga-maciji, ya ce ya yafe masa. An ce a kira dattawan coci su shafa wa mara lafiya mai: ya kira su. An ce ban da shakka: ya hana kowa ambaton mutuwa a gidan, har ya kori wata ƙawarta da ta shigo tana sharɓar kuka. Firijin mutane na jibge a shago, ko ta kansu bai bi ba.

Da ya tabbatar komai ya cika, ya kama hannunta da safe ya roƙa a tashe ta daga ciwon. Ya jira, ya ji shiru. Ya ɗauka barci ne ya sace ta, da ya buɗe ido sai ya ga shi take kallo.

"Maman yara, ba ki amsa ba."

"Ban yarda ba ne, Baban yara."

Sannan ta rufe ido ta yi tata addu'ar, a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Ya Uba, na gode da kwanakin da ka ba ni. Na gaji. Ka karɓe ni." Ta matsa hannunsa tana jira. Ya zare hannun ya tashi ya je ya ɗora ruwan zafi.

Auta, wadda ta dawo gida jinya, ta ce, "Baba, ai ba a ce dole sai da Mama ba. Ni in zama ta biyun mana." Suka durƙusa a falo, ya roƙa, ta ce amin da ƙarfi. Washegari ya ji ta a kicin tana gaya wa yayanta a waya, "Ni dai Allah ya hutar da ita haka nan." Bai yi mata faɗa ba. Ya dai gane cewa a wannan roƙon shi kaɗai ne a gidan. Ita kuma uwar ta ƙi karɓar amin ɗin Auta, ta ce ba za ta ɗora wa yarinya wannan kayan ba. "Da kai na saba," ta ce masa. "Kai nake jira."

Kwana goma sha biyu ana haka. Kullum ya roƙi nasa ta yi shiru, ta roƙi nata ya yi shiru, sannan ya goge mata jiki, ya juya ta, ya ba ta magani. Wani zai ce mene ne a ciki, kalma ɗaya ce fa. Wanda bai san Garanti ba ke nan. Shi ya gaskata har cikin ƙashinsa cewa ranar da ya faɗa, za a yi. Ita ma ta gaskata, shi ya sa take jira.

A rana ta goma sha uku yana canza rigar filo ya ga gefenta ya huje, zaren duk a tattaune. Ashe ita Maman yara take cusawa a baki in zafin ya taso, don kada ya ji. Ya daɗe tsaye da rigar a hannu. Ya nemi hawaye, babu. Ya nemi fushi, shi ma babu. Ya ninke ta ya ajiye, ya zauna a bakin gado ya kama hannunta.

"Yi addu'arki," ya ce.

Ta yi. Ya ce amin, da irin muryar da yake gaya wa mai firiji ya dawo jibi.

Kwana huɗu ta ƙara. Ta cika ranar Laraba da hantsi, yana kicin yana wanke kofinta.

A wurin gaisuwa yana zaune a tsakar gida, hannaye na zuwa yana karɓa yana saki. Fasto ya ja kujera kusa da shi, ya dafa masa gwiwa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ka cika duk abin da aka ce, ni shaida ne. Wani lokaci mukan roƙa, Allah bai amsa ba, kuma ba mu san dalili ba."

Garanti ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ya amsa, Fasto," ya ce. "Mu biyu muka roƙa."