Faifan Tukur a Gidan Kallon Bunu

A Balan, in ka ce Tukur sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Tukur mai faifai ba wanda zai sake tambaya. Da safe manomi ne kamar kowa, gero da gyaɗa da ɗan wake a gonar gado. Daga an idar da La'asar kuwa sai ka same shi tsaye a gefen talabijin a gidan kallon Bunu, wani ɗan kasuwa da kakanninsa suka zo daga Barno tun da can, yana mayar da fim ɗin Turawa Hausa da bakinsa. Turancin nasa bai taka kara ya karya ba, don tun a ƙaramar sakandare ya ajiye biro ya ɗauki fartanya. Sai dai Allah ya hore masa karantar fuska, ya ba shi muryar da ke danne ƙarar janareto.

Abin da ya yi suna a kai shi ne jerin fina-finan wani ɗan leƙen asiri, waɗanda ake ta fitarwa kashi-kashi tun Tukur bai yi gemu ba. Sunan mutumin na asali ya ƙi zama a bakin mutanen Balan, shi ya sa Tukur ya raɗa masa Kamalu, kuma sunan ya bi shi.

Tukur yana son fim ɗin, amma kullum cikin faɗa yake da masu yin sa, su da ba su san yana duniya ba. A teburin mai shayi yake sauke musu kwandon gyara. Wane irin ɗan leƙen asiri ne zai shiga gari cikin kwat mai sheƙi da motar da kowa zai juyo ya kalla? In da shi ne, rake zai ba shi ya tura a baro a kasuwar Gaya, ya ji sirrin kowa kafin Azahar. Sannan mutum ba uwa, ba ƙani, ba wanda zai zo masa gaisuwa in ya kwanta ciwo. Ba ya gajiya, ba ya jin yunwa. Mai kallo kuwa, in ji Tukur, ba ya jiye wa mutumin da ba wanda ke jiran sa a gida tsoro. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne matan da ake cusawa a kowane kashi, ba gaira ba dalili.

Tun da ba za su gyara ba, shi ya gyara musu. Duk fim ɗin da ya iso, sai ya kulle ƙofa ya kalle shi shi kaɗai, ya haddace wuraren da ba su dace da idon yara ba. In an zo wurin a gaban jama'a, sai ya rufe allon, Bunu ya kashe sauti, shi kuma ya cike gurbin da labarin kansa: Kamalu ya je duba mahaifiyarsa, Kamalu ya tsaya sasanta ƙannensa a kan gona. Lokacin da talabijin take ƙarama, da faifan matarsa Lami yake rufewa. Da Bunu ya sayo babba, sai Tukur ya farke kwalin da ta zo a ciki ya koma rufewa da shi, amma har yau faifai ake ce masa. Samari sun sha cewa a yanke wuraren kawai a kwamfuta. Ya ce yanka rami yake bari a labari, shi kuwa cikewa yake yi.

Matsalar ta taso ne daga wani da ya dawo daga cirani. A can ya kalli fim ɗin ba faifai, ya zo ƙofar masallaci ya zayyana abin da ya gani. Iyaye suka ɗunguma wurin mai unguwa Zulkiflu, cewa a rufe gidan. Shi mai unguwa ba mai yanke hukunci da jin kunne ba ne. Ya ce zai je ya gani, bai faɗi ranar ba.

Ranar da ya zaɓa ita ce ranar da sabon kashi ya iso. Ɗan acaɓan da aka aika Gaya ya makara, ya shigo da filashin da fim ɗin ke ciki a lokacin da benci ya riga ya cika, yara sun jeru a tabarmar gaba. A bayansa mai unguwa ya yi sallama.

Tukur ya tarbe shi. Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ban duba shi ba tukuna. A bari mu sa tsoho, gobe sai a yi sabon."

"Wanda ba ku shirya ba shi na zo gani," in ji mai unguwa. Ya zauna a kujerar da Bunu ya kawo, ya jingine sandarsa. "In ido na ya ga abin da aka gaya mini, gidan nan ya rufu ke nan."

Bunu ya kunna, yatsansa a kan madannin sauti. Tukur ya ɗauki kwalinsa. Abu ɗaya ya rage masa, sanin halin masu fim ɗin, waɗanda ba sa canza hanya: kiɗa ya yi sanyi, fitila ta rage haske, mace ta shigo. Ya fara fassara, baki yana aiki, ido yana gadin allo.

Kiɗa ya yi sanyi, wata ta turo ƙofa. Tukur ya ɗaga kwali da sauri. Da ya leƙa ta baya, ashe makulli kawai ta kawo ta juya. Ya sauke, samari suka yi ta gunaguni an cuce su. Can kuma Kamalu ya ɗaga kofin giya kafin Tukur ya ankara.

"Zoɓo ne," in ji Tukur, ba tare da ya kalli kowa ba. "Likita ya ce masa yana rage hawan jini."

Aka yi dariya. Mai unguwa bai yi ba.

Wurin da ya kamata a rufe na gaske bai zo da sanyin kiɗa ba. Tsakiyar gudu da harbi ne, Kamalu ya faɗa wani ɗaki ya banko ƙofa, Tukur ya hango takalmin mace a yashe a ƙasa. Jikinsa ne ya riga tunaninsa, kwalin ya hau allo, Bunu ya kashe sauti. Ya leƙa, ya ga abin da yake gudu, har ya fi na kullum muni. Sai ya fara nasa labarin: Kamalu ya ɓuya a gidan gwaggonsa, ta ɗebo masa ruwa a randa.

"Tukur," in ji mai unguwa. "Sauke."

Tukur ya ƙara riƙe kwalin.

"Allah ya ja zamaninka, akwai yara."

"Ai don su na zo. Na zo ganin abin da ke cikin akwatin, ba abin da ke bakinka ba. Sauke."

Tukur ya san in ya sauke an rufe gidan, in ya ƙi ya saɓa wa mai unguwa a gaban jama'arsa, abin da bai taɓa yi ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya dubi tabarmar gaba, ƙananan fuskoki duk a ɗage suna jiran sa.

"Ka yafe ni, ranka ya daɗe. Ba zan sauke ba."

Mai unguwa ya miƙe, ya ratsa yaran a hankali, ya zo ya leƙa ta bayan kwalin. Bai daɗe ba ya kau da kai, yana neman tsari ƙasa-ƙasa. Wurin kuwa ya ƙi ƙarewa. Kafaɗun Tukur suka ɗau zafi, hannunsa ya soma rawa, gefen kwalin ya fara sunkuyowa. Dattijon ya kai hannu ya tallafe shi.

"Ci gaba da labarinka," ya ce.

Haka suka tsaya su biyu, Tukur yana ba da labarin gwaggo, har wurin ya wuce.

Da aka tashi, gab da Magariba, mai unguwa ya kira shi da Bunu gefe.

"Ban same ka da laifi ba, Tukur. Ka tsare mana yara fiye da yadda muka sani. Amma na ji yadda hannunka yake rawa. Ba zan jingina 'ya'yan mutane a kan hannun mutum ɗaya ba. Bunu, daga gobe a sa kwaɗo."

Bunu ya tafi kashe janareto. Mai unguwa ya nufi masallaci.

Tukur ya fito ƙofa, kafaɗunsa na zogi. A gindin darbejiya samari sun kewaye ɗan acaɓan nan, wanda ashe tun a Gaya ya sa aka zuba masa fim ɗin a waya. Kowa ya miƙo tasa yana cewa a tura masa, tun da gidan kallo ya rufu. Wanda ya fi kowa kutsawa gaba, da wayar da ya saya da kuɗin gyaɗarsa, shi ne Muzammil, babban ɗan Tukur.